Ranar da Na Kai Sifika Gonar Surukina

Ni ne da laifi, kuma na daɗe ban yarda ba. Na ɗora wa waya, na ɗora wa samarin unguwarmu, har mawaƙan da ba su san ina duniya ba sai da na ɗora musu.

A shekarar da nake neman matata, na dawo cin rani daga Legas da wata ƙatuwar sifika mai fitilu. A wajenmu, kusa da Matankari, mai neman aure yakan tara abokansa su yi wa uban yarinya gayyar noma. Dattijon, uban wadda nake nema, ya ce in an gama noman farko za a zauna a sa rana. Ya kuma aiko cewa makaɗin ƙauye yana nan in ina so. Na ce a yi masa godiya, na zo da nawa.

Makaɗin noma bin layi yake yi a baya, in ya ga an gaji ya sassauta. Ni a lokacin ɓata lokaci na ɗauki wannan. Nufina kiɗa ya yi sauri, hauya ta yi sauri, kafin azahar dattijo ya ga irin surukin da Allah ya ba shi. Wani abokina ɗan kabu-kabu a Dogon Dutsi ya cika mini waya da waƙoƙi, ban ko saurare su ba. Na ajiye sifika a gindin gawo na ƙure murya.

Waƙar farko ta rawa ce, mai gudu. Hatsin kuwa bai wuce taƙin hannu ba, shi da ciyawa sai an duba. Hannu ya daina jiran ido. Na ga ana sare shuka, amma na ga kuma yadda muke cin gona, sai na kau da kai.

Sai aka shiga wani kiɗan hip hop na yayi. Gangarsa a ƙasa tana tafiya kamar bijimin da ya ƙoshi, a sama kuma wani kacau-kacau yana zuba kamar ruwa bisa kwano. Nan layi ya rabu biyu. Waɗanda suka yi rani a Yamai suka bi ganga, wai yanzu babban yaro ba ya gaggawa, nan ƙasaitar take. Mu ƴan Legas muka bi kacau-kacau, muka ce mai nema ba ya tafiyar hawainiya. Ana noma ana musu. Masu sauri suka kai ƙarshe suka juyo cikin layin wasu, aka nome wani wuri sau biyu, wani wurin ko taɓawa ba a yi ba. Ɗan kabu-kabun nan ya jingina da hauya yana kaɗa kafaɗa kawai. Na yi masa magana, ya ce shi kaɗai ne ke kan kiɗan.

A haka dattijon ya iso tare da masu kawo fura. Ya bi layi yana tsintar hatsin da aka sare har ya cika gaban rigarsa, ya zo ya zube shi a kan sifikar, ya juya gida.

Maganar sa rana ta yi shiru. Na tura kawuna da goro ya ce waya ce ta rikice. Na sake tura shi ya ce samari ne ba su da hankali. Goron ake karɓa, amsa babu. Yarinyar ta aiko mini cewa in har auren ya lalace, sifikar zan aura.

Da aka yi ruwa mai kyau, na yi sammako zuwa gonar don in yi dashe a guraben da muka kashe, ba tare da kowa ya gani ba. Na tarar da shi a duƙe, ya riga ni. Na cire takalmi na durƙusa nesa kaɗan.

Bai ɗago ba ya ce, "An ce mini waya ce. Ni ba ni ba waya ɗiyata. Mai laifin nike nema, shi zan ba, don shi na san bai ƙarawa."

Na ce, "Baba, ni ne. Na ga ana sare hatsin tun waƙar farko, na ƙi kashewa don ina son ka yaba mini. Ka yafe mini."