Abin da Hawa Ta Haɗiye

A gidan hayarmu na Maamobi, ɗaki goma sha ɗaya da famfo ɗaya, wutar Kaka Ladi ce ke tara yara. Waakye take sayarwa, wato shinkafa da wake irin namu na Zongo. Da an idar da magariba sai ta hura gawayi a kurfoti ta ɗora waken gobe, mu jikoki mu kewaye ta muna tsintar tsakuwa a shinkafa, ita kuma tana mana tatsuniya.

Ina shekara sha ɗaya, ƙanwata Hawa tana bakwai, aka tafka ruwan da ya cika babbar kwatar unguwarmu. Hawa da ƙawarta Fati suna dawowa daga makaranta, takalmin Fati ya faɗa ciki. Ta sunkuya za ta ɗauko, ruwa ya tafi da ita a kan idon Hawa. Sai bayan kwana biyu aka samu gawar.

Tun ranar Hawa ta yi shiru. Ta koma fitsarin kwance, in hadari ya haɗu ta shige ƙarƙashin gado. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. Babanmu ya kafa doka kada wanda ya sake ambaton Fati a gidan, wai sai an bar maganar yarinyar za ta manta.

Wani maraice Kaka ta jawo Hawa ta jingina ta da cinyarta, ta ce, "Ku matso, ga wata ta zo ta zauna."

Muka ce, "Ta zauna mu ji ta."

Wai wata yarinya ce ta je rafi ta ga abin da ya fi ƙarfin bakinta, sai ta haɗiye maganar. Maganar ta zama dutse a cikinta, kullum yana ƙara nauyi, har ta kasa ɗaukar tulu. Mai magani ya ba ta sassaƙe, dutse bai motsa ba. Uwarta ta yi lallashi, ubanta ya yi tsawa, duk a banza. Sai wata tsohuwa mai kaɗi ta kira ta, ta miƙa mata auduga, ba ta tambaye ta komai ba. Kwana da kwanaki suna kaɗi tare. Ranar da yarinyar ta ce, "Na ga," tsohuwar ba ta ce mata yi shiru ba, ta ce, "Ina jin ki." Kalma ɗaya, tsakuwa ɗaya ta faɗo, har cikin ya yi sakayau.

"Nan na ajiye ta," in ji Kaka, tana kallon ƙofar ɗakin babanmu. "Mai kunne ya ɗauka."

Ba wanda ya ɗauka. Kaka ta rasu kafin damina ta zagayo. Hawa ta dawo da magana a hankali, kowa ya ce ta warke. Yau ta haura talatin, tana ɗinki a Kotobabi, amma da an fara yayyafi sai ta rufe shago.

Bara mota ta kaɗe mijina a mahaɗar Kawukudi, yana dawowa daga shagonsa na kayan mota a Abossey Okai, ya rasu nan take. 'Yarmu Amina, mai shekara tara, ba ta zubar da hawaye ba, har mutane suna yaba dauriyarta. Bayan arba'in ta fara dukan yara a aji, ta daina cin abinci. Malamarsu ta ce in kai ta asibiti wajen wata likita da ke zama da yara tana jin damuwarsu.

Wan mijina ya ce, "'Yarmu ba mahaukaciya ba ce. Addu'a ta ishe ta."

Na ce, "Yaya, addu'a ba mu fasa ba. Amma na taɓa ganin inda shiru ya kai yaro."

Na kai Amina. Likitar ba ta yi mata tambaya ko ɗaya ba ranar farko. Takarda ta ba ta da fensiran launi, suka zauna a ƙasa. Ni kuma ta ce in riƙa ambaton babanta a gida, in bar ta ta ga kukana, kada in ce mata ta yi haƙuri ta manta. Wannan ya fi min komai wuya. A zuwa na shida Amina ta zana mota da jakar makaranta, ta ce, "Ni na ce ya sayo min jaka. Da ban ce ba, da bai tsallaka titin ba." Wata huɗu tana ɗauke da wannan ita kaɗai, muna kwana gado ɗaya ban sani ba.

Sai a lokacin na gane ba mu yara Kaka ke yi wa tatsuniyar ba. Manyan gidan take roƙo su zauna su ji yarinya, kuma ba ta da wata hanyar faɗa wa ɗanta, babanmu. Har yanzu Amina ba ta gama warkewa ba, wata rana ta ci, wata rana ta ture kwano.

Makon jiya Hawa ta raka mu asibitin. Muna zaune a benci, Amina na ciki, ta daɗe tana murza bakin mayafinta. Can ta ce, "Yaya, ni na ce wa Fati ta ɗauko takalmin, kada a dake ta a gida." Ta dubi ƙofar likitar. "Suna karɓar manya?"