Yankan Wuya da Alƙalami

A unguwar Biafra ta Treichville, a birnin Abidjan, na tashi, a gidan haya irin mai tsakar gida ɗaya da ɗakuna kewaye, famfo ɗaya, faɗa kuwa kullum. Mahaifina daga Nijar ya zo tun yana saurayi, ya buɗe shagon atamfa a kasuwar Adjamé, ya tsufa a cikinsa. Ni a nan aka yanke mini cibiya, Faransancina ma ya fi Hausata gudu, amma har gobe in na shiga ofis sai an tambaye ni daga ina na zo. In na ce daga Treichville sai a yi dariya, a ce a'a, asali ake nufi.

Zane kuwa ban san ranar da na fara shi ba. Kwalin da ake zarewa daga cikin turmin atamfa shi ne takardata ta farko. Ranar da babu lakwal, wato makaranta, Baba yakan tafi da ni shago wai in koyi ciniki, ni kuma in shige bayan tulin kaya da bik ɗina, birona ke nan, ina zana masu wucewa, 'yan dako da mata masu talla da yaran motar gbaka, ƙananan bas ɗin haya, da ke rataye a ƙofa suna kiran fasinja. Wata rana Baba ya ɗaga turmi, sai ga maƙwabcinmu mai sayar da takalma a kan kwali, da tumbinsa da haƙorin Makkansa, yana hamma. Nan take ya gane shi. Na ga dariya ta taso masa ya danne ta da ƙyar, sannan ya ɗaure fuska ya ce in tashi mu tafi.

Bai doke ni ba, da ya doke ni ma da abin ya zo da sauƙi. Wurin wani tsohon malami ya kai ni, mai zama a rumfa kusa da babban masallacin Treichville. Malam ya dubi kwalin ya ce duk mai zana abu mai rai, ranar hisabi za a ce ya hura masa rai, ba kuwa zai iya ba, don haka a raba ni da alƙalami. Baba ya shiga "Allah gafarta Malam", yana lallaɓawa kamar yadda yake yi wa mai saye mai taurin kai, yana tambaya ko babu wata ƙofa. Can dai Malam ya ce akwai. Idan aka raba kai da gangar jiki, sura ba ta cika ba, abin da aka yanke wa wuya ba ya cikin masu rai. Ya karɓi bik ɗina ya ja layi a wuyan mai takalma.

A cikin rumfar nan Baba ya sa hannuna na dama cikin nasa, ya ce in yi alkawari da sunan Allah: duk mai rai da zan zana, mutum ko dabba, sai na yanka wuyansa. Na yi, har da murnata. An bar mini alƙalamina, ina ruwana da wani ɗan layi?

Da na gama makaranta, allunan masu aski na fara yi. Wannan aiki kam bai taɓa ba ni wahala ba, tunda kawuna ne zalla, kowanne da irin askinsa, babu gangar jiki balle a yi maganar yanka. Daga nan wata mata mai buga littattafan yara ta ga allona a wata kwana ta unguwar Bracodi, ta sa aka nemo ni. Ofishinta ɗaki biyu ne a saman wani shagon kayan mota, ƙarar gbaka ba ta barin mutum ya ji maganar kansa. 'Yar ƙasa ce, Kirista, mai faɗa da son aiki. Madam muke ce mata.

A wurinta na koyi ɓoye layina. Akuya sai in ɗaura mata igiya da ƙararrawa, yarinya in sa mata tsakiya a wuya, yaro kwalar rigar makaranta. Kunkuru shi ne abokina, wuyansa duk tamoji ne, ka ja layi ba wanda zai lura. Raƙumin dawa ne ya taɓa sa ni gumi, a ƙarshe na naɗa masa gyale na ce mura yake yi, marubucin littafin ya ji daɗi har ya ƙara wannan a cikin labarin. Madam takan ce, "Kai dai dabbobinka sun fi matan Abidjan son ado, deh!" In yi dariya in bar ta a haka. Amma a ƙarƙashin kowace igiya da kowace sarƙa layin yana nan, siriri kamar zaren ɗinki, kuma ni na san yana nan.

Sai kuma jarida ta zo. Wata 'yar jarida ce ta barkwanci mai fitowa mako-mako, ta ba ni shafin gaba in riƙa zana manyan ƙasa. Ba na sa suna, don ɗan baƙo ba ya sa sunansa a ƙarƙashin hancin minista. A gaskiya wannan aikin ne ya shiga raina. Littafin yara ina sonsa, amma ranar da jarida ta fito nakan sauka bakin titi, wurin da ake lilliƙa jaridu a allo mutane na karanta kanun labarai a tsaye, in shige cikinsu kamar ban san komai ba, in jira dariya. Wanda bai taɓa jin baƙin mutane sun fashe da dariya a kan abin da ya fito daga hannunsa ba, ba zai gane ba. 'Yan siyasa kuma, Allah ya saka musu, kullum cikin kwat da laktayi suke, ɓoye layi a wuyansu ba aiki ba ne.

Shekarun nan gari ya yi zafi kan maganar wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo. Ana cikin haka wani babba a wata jam'iyya ya je ƙauyensu biki, ya tuɓe kwat ya yafa zanen sarauta a kafaɗa ɗaya, ƙirji da wuya a waje. Na zana shi a ɗauke a kan kawunan talakawa ramammu, suna tsallaka ramukan hanyar da ya yi alkawarin gyarawa. Da na ga dama da na rataya masa sarƙar zinariya na huta. Amma mutumin wuya gare shi hawa-hawa kamar an jera buhuna, wuyan nan shi ne rabin dariyar, raina ya ƙi in rufe shi. Sai na sa layina cikin ninkin farko, ina ganin ya ɓace.

Takardar jarida mai araha ce, tana shan tawada. Da aka buga, layin ya kumbura ya fito baƙi ƙirin daga kunne zuwa kunne.

Da safe na shiga cikin masu karatun kanu yadda na saba. Ba wanda ya yi dariya. Wani ya nuna da yatsa ya ce, "On l'a égorgé", wato an yanka shi. Wani ya tambaya wa ke yin zanen nan, aka ce ai wani aboki ne, sunan da suke kiranmu da shi ke nan mu Hausawa. Sai wata mata ta ce to ai ba mamaki, su ne masu yanka raguna. Ina tsaye kafaɗata na gogar tata. Kafin mako ya zagayo wata jarida ta tono tsofaffin zanena, ta ƙara girman wuyan kowane minista, ta nuna layin da ke leƙowa a gefen kwala. Ta ce ga shaida, an daɗe ana wasa wuƙa.

Editanmu ya kira ni ya rufe ƙofa. "Mon frère, ɗan'uwana, wannan mene ne?" Na ba shi labarin rumfa da Malam da alkawari, ban rage komai ba. Ya yi dariya har da hawaye, sai kuma dariyar ta tsaya cak. Ya ce, "In na buga wannan bayanin, gobe za su ce addininku ne ya ce ku yanka mutane. Ka ga ya fi na farko muni. Abu ɗaya ne, daga yau ka haɗa wuya. Kowa da wuyansa lafiya lau, a gani ƙarara." Na ce ba zan iya ba. Ya ce in je in yi tunani, kujerata tana jirana, amma ba har abada ba.

Dattawan unguwarmu ma suka kira ni bayan la'asar a harabar masallaci. Wani Alhaji mai shigo da kaya daga Najeriya shi ya yi magana. "Yaro, mu baƙi ne a garin nan. Mai shayi, mai tsire, mai sayar da garba, garin rogo da kifi, a bakin titi, kowa kwana yake da fargaba saboda alƙalaminka. Ka daina yankan nan." Na ce to Alhaji, sai in zana su da wuyansu a haɗe ke nan? Wurin ya ɗauki astagfirullah. Suka ce wa ya ce maka haka, ka bar zanen gaba ɗaya, ga shagon ubanka yana neman mai zama. Na fito raina a ɓace, don mutanen da ba su taɓa buɗe littafina ko sau ɗaya ba su ne suka yanke mini hukunci cikin abin da bai kai shan shayi ba.

Madam ce ta rage mini, ita ma abin bai bar ta ba. Iyaye suka fara dawo da littattafai, wai yara sun mayar da neman layi a ƙarƙashin igiyar akuya wasa. Ba ta kore ni ba, Allah ya saka mata. Ta ce in riƙa zana wuri, gidaje da itatuwa da motoci, wani mai zanen ya zuba mutane da dabbobi a kai. Haka na zauna ina zana Adjamé ba kowa a ciki, gbaka a jere ba direba, tebura cike da tumatir ba mai sayarwa. Adjamé da ko tsayawa ɗaure takalmi ba ka isa ka yi ba sai an bangaje ka! Ina yi ina jin kamar an kulle ni a ɗaki an bar mini taga. Hannuna kan tafi da kansa zai fara kafaɗar wani ɗan dako, in janye shi.

Malam ya daɗe da rasuwa. Mutum ɗaya ne ya rage wanda hannuna ya shiga nasa ranar nan, sai na shirya na tafi wurinsa. Lokacin Baba ya daina zuwa kasuwa, ƙafafunsa sun kumbura, da hantsi ake fito masa da kujera tsakar gida ya sha rana. Na same shi da carbi, matan gida na ta wanke-wanke a bakin famfo. Na durƙusa na gaishe shi, na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa.

"Baba, alfarma na zo nema. Alkawarin nan na wuya, ka sake ni. Aikina ya tsaya, ga jarida na jirana, ga shi na koma zanen bango da tayar mota."

Ya ja carbi ya ja, har na ɗauka bai ji ba. Sannan ya ce, "Ɗana, ai ba ni ka yi wa alkawari ba. Ni shaida ne kawai."

"To ka ce ka yarda, Baba. Ka ce kawai ka yafe, ni ya ishe ni."

"In ce na yafe, ranar nan a tara maka duk abin da ka zana a ce hura musu rai, ni ina tsaye ina kallo? Malam cewa ya yi a karya alƙalamin. Ni na roƙa maka wannan ƙofar, ban da wata."

Na ji haushinsa, ba zan ɓoye ba. Na ji tausayinsa kuma, don tsoro ne fal a idonsa, kuma ba don kansa ba. Wata maƙwabciya ta zo wucewa da bokiti ta ce mana yako, sannun jaje ta mutanen garin, don ta ga fuskokinmu kamar na masu zaman makoki.

Can ya gyara zama ya ce, cikin muryar zolaya, wai don ya sassauta mini, "Kai da ka zana duk manyan ƙasar nan, har da mai takalma, ni ka taɓa zana ni kuwa?"

Na ce a'a.

"Ko sau ɗaya? Munina ya kai haka?"

"Ba zan iya yanka wuyanka ba, Baba. Inna ma ban taɓa zana ta ba har ta rasu."

Carbin ya tsaya a hannunsa. Ya kai ɗaya hannun ya shafa maƙogwaronsa a hankali, yana kallona. Na ce a raina yanzu zai ce ya sake ni. Sai ya kawar da kai ya ce rana ta yi masa yawa, in kama shi mu shiga ciki.

Na kama shi muka shiga. Bai ƙara tayar da maganar ba, ni ma ban ƙara ba, damina ba ta zagayo ba ya rasu. Kujerata ta jarida wani ya hau ta tuntuni. Fuskar Baba kuwa tana nan a kaina tsaf, har da ɗan tabon da ke gefen girarsa, zan iya fitar da ita ido rufe. Duk hoton da ya bar mana shi ne na katin zama na baƙi, wanda hatimi ya cinye rabinsa.