Da Kuka Na Tsira

Talata: Gumel zuwa Kano

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na bar gidanmu a Gumel, cikin watan Maris na 2014, da jaka ɗaya da ambulan biyu. Ɗana Aminu, mai shekara goma sha uku, ya riƙa mini jakar har bakin mota. Na ce masa sai na dawo, ya gyaɗa kai kawai. Wata goma sha huɗu ke nan muna haka, tun ranar da aka fita da gawar babansa na dafa kafaɗarsa na ce, "Kai ne namijin gidan nan yanzu, kada in ga hawayenka." Ya bi maganata sau da ƙafa. Bai yi kuka ba, amma hira da dariya ma sun ƙaurace masa, kuma abin yana ci mini rai.

A ambulan na farko akwai wasiƙar ajami da ta girme ni. Yayan mahaifina ne, Baba Idi, ya aiko ta daga Sudan. Yana ɗan shekara goma sha biyu iyayensu suka ɗauke shi suka kama hanyar Makka a ƙafa, suka bar mahaifina Audu wurin kaka saboda ƙanƙanta. Ba wanda ya dawo. Layi huɗu ne wasiƙar: Inna da Baba sun rasu a hanya, ayari ya wuce ya bar ni a daji, da kuka na tsira, ina gaishe ku.

Ni malamar makaranta ce, kuma mai ɗan karance-karance ba ya rasa iyayi. Na taɓa karanta cewa mutanen yammacin Sudan suna rarake cikin itacen kuka su tara ruwan damina. Sai na ce ga ma'anar wasiƙar. A kan haka na rubuta littafin yara mai shafi tamanin, shi ne a ambulan na biyu: yaro shi kaɗai a daji, ya binne mahaifinsa, ya bi taurari, ya hau kuka ya sami ruwa, bai zubar da hawaye ko ɗigo ba. Don Aminu na rubuta, in nuna masa jininmu na dauriya ne. Ya karanta, ya ce, "Ya yi kyau, Umma," ya ajiye. Da ƙanena Sagir, mai karatu a Masar, ya bugo waya ya ce ya gano Baba Idi yana jinya a Alƙahira, sai na ce zan je in nemi izininsa kafin a buga, in kuma ɗauko maganar bakinsa ko ita za ta shiga kunnen yaron.

Daga Gumel zuwa Kano wajen kilomita ɗari da ashirin ne, amma mun yi awa uku saboda shingen sojoji guda biyar. A na uku aka ce kowa ya sauko da kayansa. Sojan ya juya takarduna ya ce, "Hajiya, mene ne wannan?" Na ce labarin yara ne. Direbanmu ya ce, "Ranka ya daɗe, malama ce, alli kawai take harbi da shi." Aka bar mu muka wuce. Jirgi ya tashi ƙarfe ɗaya da kwata na rana.

Talata da yamma: Abbasiya

Mun sauka bayan magariba a agogonsu. Sagir yana jirana da rigar sanyi a hannu, ya ce, "Yalla, Yaya, mai tasi ba ya da haƙuri." Shekara huɗu kacal ya yi a Masar, amma bakinsa ya cika da kalmomin Larabci irin su tamam da khalas har sai da na tambaye shi ko ya sayar da Hausarsa ne. Ɗakinsu yana hawa na shida a unguwar Abbasiya, babu lif. Matarsa ta kawo wake da suke kira ful da burodi mai faɗi. Na ci don yunwa.

Laraba: Ard al-Liwa

Ƙarfe tara muka fita. Ƙaramar bas ta kai mu unguwar Mohandessin cikin awa ɗaya da minti goma, muka haye kogin Nilu ina kallonsa ta tagar da ba ta rufuwa. A ƙarshen babban titi muka sauka, muka tsallaka layin dogo a ƙafa, sai ga mu a unguwar Ard al-Liwa, wata duniya daban: lunguna matsattsu, benaye na jan bulo ba yaɓe, baƙaƙen fata ko'ina. Keke mai ƙafa uku da suke kira tuktuk ya kai mu ƙofar gidan a kan jine uku, kuɗin ƙasar.

'Yar Baba Idi, Nafisa, ita ta buɗe. Sa'ata ce, da lafaya irin ta matan Sudan, Hausarta rabi Larabci. Ta rungume ni ta ce, "'Yar'uwa, ahlan. Tun asuba Baba yake tambayar sa'a nawa yanzu." Yana kwance a kan gado kusa da taga, ya rame ƙwarai. Da ya juyo sai na ga goshin mahaifina da kunnuwansa. Na durƙusa na gaishe shi.

"'Yar Audu ce?"

"Ni ce, Baba."

"Audu fa?"

"Shekara shida da rasuwa."

Ya yi masa addu'a. Hausarsa irin ta kakanni ce, ba ko kalmar Turanci a ciki. Ya tambayi rijiyar ƙofar gidanmu, na ce an cike ta. Nafisa ta kawo shayi da kisira, siririn burodin dawa na Sudan, muka ci. Bayan azahar na faɗi abin da ya kawo ni, ya ce in karanta.

Na karanta babi takwas yana lumshe ido, wani wuri ya gyara mini: ba a tafiyar rana tsaka, jaki ba ya shan ruwa mai wari. Da na shiga babi na tara, inda yaron ya sassaƙa matakai a jikin kuka ya hau, sai ya buɗe ido.

"Wace kuka?"

Na ciro wasiƙar na nuna masa layin. Nafisa ta sa masa tabarau. Ya daɗe yana kallon rubutunsa na ƙuruciya, sannan ya ce, "'Yata, kuka na ce." Ya bar muryarsa a sama har ƙarshen kalmar, bai sauke ta ba yadda muke saukewa in muna nufin ta miya. Takarda ba ta ɗaukar murya. Shekara da shekaru ana karanta wasiƙar nan a gidanmu, kowa da idonsa, ba wanda ya tsaya ya tambaya.

"Kukokin suna nan, tabaldi suke ce musu," in ji shi. "Amma kowace da mai ita, kuma bakin ramin yana can sama. Ni da na kwana biyu ban sha ruwa ba, ina zan iya hawa? Ayari ya jira Baba kwana ɗaya, zazzaɓi bai sake shi ba, suka ce mu biyo sawu. Da ya cika na tona da hannu da guntun ƙwarya, ramin bai kai gwiwa ba. Na rufe shi, na jawo ƙaya na ɗora. Daga nan ban san gabas ba, ban san yamma ba. Na zauna na buɗe baki ina kiran Inna, alhali na san inda muka binne ta."

Ya nemi ruwa, Nafisa ta ba shi.

"Wata Balarabiya makiyayiya tana neman ɗan akuyarta da ya ɓata. Ta ji kukana daga nesa ta ɗauka shi ne, ta biyo. Ita ta goya ni, ƙato da ni, har rugarsu. Ita ta raine ni. Sunanta na sa wa wannan." Ya nuna Nafisa. "Yaron littafinki jarumi ne, Allah ya yi masa albarka. Amma da na yi shiru irin nasa, da kura ta gama da ni ba wanda ya sani."

Kunya ta rufe ni, bayanta kuma tsoro, domin fuskar Aminu ce ta tsaya mini a ido. Ban yi niyya ba, na gaya masa komai, har maganar da na faɗa ranar jana'iza. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "Wata nawa?" Na ce goma sha huɗu. Ya ce, "Ni kwana biyu na yi, kuma ana nemana ne ba da sani ba. Shi wa zai ji shi, tunda kin hana shi kira? Ki buga littafinki, na yarda. Amma ki sauko da yaron nan daga kan itacen."

Alhamis da Juma'a

Sagir ya so ya kai ni in ga dala, tsofaffin gine-ginen nan na Masar, na ce ma'alish, wato ya yi haƙuri, sai wani jiƙon. Kwana biyu na zauna a ɗakinsu ina sake babi na tara. Ranar Juma'a bayan la'asar muka koma na karanta wa Baba Idi. Gyara ɗaya ya yi: ɗan akuyar ba a taɓa ganinsa ba. Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce in gaida masa Aminu, takwaran wahalarsa. Na san ba zan sake ganinsa ba, shi ma ya sani.

Asabar: gida

Jirgi ya sauke mu a Kano da hantsi, shingayen nan biyar suna nan inda na bar su. Na shiga Gumel ƙarfe huɗu da minti ashirin. Aminu ya karɓi jakar ya ce sannu da zuwa, zai juya na ce ya zauna. Na ba shi wasiƙar ya karanta layin da ƙarfi, ya faɗe shi yadda duk muka saba. Na ce a'a, na faɗa masa yadda mai wasiƙar ya faɗa. Sannan na ba shi labarin ramin da bai kai gwiwa ba, da matar da ke neman ɗan akuya. Na ce, "Abin da na gaya maka ranar da Abbanka ya rasu kuskure ne. Ka yafe mini."

Ya ajiye wasiƙar. Ya ce, "Umma, ranar ba a bar ni na taɓa makarar ba." Muryarsa ta karye a tsakiya. Mahaifiyata, wadda na bar shi a hannunta, ta leƙo daga madafa za ta ce ya yi haƙuri, na ɗaga mata hannu ta koma. Har aka kira magariba yana kuka a cinyata, ni ma ina yi.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Sagir da matarsa, da Nafisa da ta karɓe ni kamar mun tashi ɗaki ɗaya. Allah ya ba Baba Idi sauƙi. Allah kuma ya jiƙan matar nan da ta ji kuka a daji ta bi sawunsa.