Baba Seini da Lasifikar Tashar Reskos

Duk wanda ya bi ta bayan kasuwar Asawase a Kumasi da hantsi zai tarar da Baba Seini mai gyaran rediyo a rumfarsa, ya hura gawayi, ya tura bakin ƙarfen liƙi cikin wuta. Kafin ƙarfen ya yi zafi sai ya jera wayoyi a kan tebur, ja daban, baƙi daban. In dalma ta fara narkewa, ko limami ne ya yi sallama sai ya jira. Shekara ashirin da shida ke nan yana haka. A ƙarshen wannan wata zai rufe rumfar, don hannunsa na dama ya fara rawa.

Masallatai da dama a zango, unguwar baƙi, shi ya haɗa musu lasifika. In ta yi gurnani ana cikin huɗuba, ba ya zargin kowa. Sai ya bi wayar makirfo da yatsa har ya gano inda ta kwanta a jikin wayar wuta, ya raba su, ya ce, "Murya da wuta ba sa bin hanya ɗaya, ku ba kowa tasa."

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne bara, cikin azumi, da aka ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa. Ina tashar Reskos, na gani da idona. Mutane sun cika fili, kowa a kan ƙunshin kayansa, ana jiran motocin arewa. Kowa yana kiran wani, ba mai jin kowa.

A cikinsu akwai Mma Humu mai goro, mutuniyar Doso, shekararta talatin a Kumasi. Turereniya ta raba ta da 'yarta Habsa, mai tsohon ciki. Kwana biyu tana kewaya tashar tana kira har muryarta ta dishe, motarta kuma za ta tashi da la'asar. Baba Seini ya zo rakiyar maƙwabcinsa, ya gan ta zaune tana buɗe baki, sauti ba ya fita. Ya tambayi abin da ya same ta. Da aka gaya masa sai ya juya, ya shiga trotro, motar haya.

Kafin azahar ya dawo da na'urar ƙara sauti ta masallacin unguwarsu, da izinin limami. Sai dai na'urar da wutar gida take aiki, tashar kuwa ba wuta. Ya je wajen wani direba, Abdul-Rahaman, ya nemi aron batir.

Direban ya ce, "Baba, mutum arba'in ke jiran motar nan. In batir ya mutu, duk nan za mu kwana."

"Bar injin yana aiki, ɗana. Ni dai ka ba ni kan batir ɗin."

Ya shimfiɗa rigarsa a ƙasa, ya buɗe cikin na'urar, ya roƙi garwashi wajen wata mai toya ƙosai. Ya cire hanyar wutar gida, ya ja wayoyi biyu zuwa batir, ya sa fis mai tsinkewa in wuta ta yi yawa a tsakani. Sau uku yana duba ja da baƙi, don in suka juya, cikin na'urar zai ƙone nan take, ba kuma wata a kusa. Da ya kunna, ƙarar inji ta shiga lasifika kamar ƙudan zuma. Mutane suka fara gunaguni. Bai ɗaga kai ba. Ya liƙa wani ɗan kondensa mai tace ƙara, ya ɗaure garkuwar wayar makirfo a jikin akwatin. Ƙarar ta ɗauke.

Ya durƙusa gaban tsohuwar, ya kai makirfo bakinta. "Mma, kada ki yi ihu. Ki yi raɗa kawai."

Ta yi raɗa. "Habsa, ni ce. Ina gindin jar mota."

Wallahi tashar nan ta yi tsit. Raɗar tsohuwa ta bi kan dubban mutane har bakin titi. Can sai muka ga jama'a suna darewa, ga Habsa tana tahowa, hannu ɗaya a ƙugu, wasu mata biyu na riƙe da ita. Har direban ya juya baya yana share ido.

Daga nan layi ya kafu. Kwana tara Baba Seini yana tsaye cikin rana da azumi a bakinsa, yana canja mota in wadda ta ara masa batir za ta tashi. Bayarabe ya kira matarsa, Bazabarme ya kira ƙanensa, Bamoshe ya kira uwarsa.

Kai ne, Baba Seini, mai hannun da ba ya gaggawa. Kai ne ka ji muryar da ta mutu, ka ce ba ta mutu ba. Ba ka hana kowa tafiya ba, wannan ya fi ƙarfinka, amma saboda kai mutane da yawa sun tafi tare da nasu.

Allah ya saka maka da alheri, ya ba hannunka hutu. Ku kuma masu sana'ar zango, daga makanikai har kafintocin unguwar Anloga, ku je ku gaishe shi kafin wata ya ƙare. Ranar da jama'a suka shiga uku, ku tuna cewa abin da kuka iya ba na rumfarku kaɗai ba ne. Ku ɗauko shi, ku fito.