Ƙaton Ɗigon da Ba Shi da Suna

Har gobe ina tuna ranar da Ustaz Bashir ya tsaya a bayana yana dariya har da riƙe ciki. Lokacin ina shekara ta biyu a ofishin ƙungiyar manoma da ke Sinnar, shi ne mudir, wato shugaban ofis, ni kuma ƙaramar ma'aikaciya mai shigar da bayanai a kwamfuta.

Damina ta matso, an kawo mana sabon irin dawa mai nuna da wuri. Ba shi da yawa, don haka mutum ɗaya za a ba a kowane ƙauye, ya shuka, ya raba wa jama'a. A da, mai gona mafi girma ake ba. Bara a wani ƙauyen Hausawa da ke kusa da Makwar, irin ya ƙare a sito na wani Alhaji, ƙwari suka cinye, ƙauyen bai ga ko ƙwaya ba. Idan aka sake kuskure bana, ba za a ƙara ba su ba.

Ma'aikatanmu sun zaga gida-gida sun cika jadawali: sunan manomi, girman gonarsa, da wanda yake karɓar iri daga hannunsa. Ni kuwa na koyo sabuwar dabara a wani horo, ina ta ɗoki. Ga waɗanda ba su san aikin ba, haka ake yi: manhajar tana mai da kowane suna ɗigo, kowane layi na jadawalin kuma ya zama zare daga mai bayarwa zuwa mai karɓa. Wanda zare ya yi wa yawa, ɗigonsa sai ya kumbura. Da ido za ka gane wanda ƙauye ke bi.

Na danna, hoton wannan ƙauyen na Hausawa ya fito. A tsakiya ga wani ƙaton ɗigo kamar faifai, zare ta ko'ina, a kansa an rubuta “Ba suna”.

“Ya Sa'adiyya,” in ji Ustaz, “wane ne wannan bawan Allah da ke ciyar da gari ba a san shi ba? Khalas, shi ke nan, goge shi. Alhamis zan sa hannu a takardar rabon iri, mu koma wa Alhaji.”

Na ji kunya ƙwarai, domin laifina ne. Duk gurbin da aka bari fanko, ni na cike shi da “Ba suna”, manhaja kuma ta ɗauka mutum ɗaya ne. Amma abu ɗaya ya tsaya mini: me ya sa a wannan ƙauyen kaɗai guraben suka yi yawa haka? Na roƙi kwana ɗaya. Ya ce in je, tunda ba na jin magana.

Da safe na hau mota. Na fara da Malam Usman, wanda na tarar yana gyaran bakin ruwa a gonarsa. Na ce, “Baba, wa ke ba ka iri?”

Ya dubi ƙasa, ya sosa ƙeya. “Wajen... can gidan mu kan samu, ɗiyata.”

“Wane gida?”

“Ke ma kin sani, wanga suna ba ya fitowa bakina.”

Nan take na gane. Surukarsa ce! Bahaushe bai faɗin sunan uwar matarsa, ko da alƙali ne ya tambaya. Wanda ya cika jadawalin kuwa Balarabe ne daga Dindir, da ya ji an yi ƙus-ƙus sai ya tsallake gurbin.

Ni mace ce, sai na shiga cikin gidaje. Matan suka yi ta yi mini dariya. Duk inda na zauna, amsa ɗaya ce: Inna Ta-Makwar. 'Ya'yanta mata shida ke aure a ƙauyen, ga 'ya'yan ƙannenta da ta riƙa, ga jikoki. Rabin magidantan garin surukanta ne.

Na same ta tana soya kofi. Ɗakinta cike da goruna da tuluna, kowanne da irinsa a cikin toka: dawa, kuɓewa, riɗi, wake. Ba ta da gona da sunanta, shi ya sa ba ta cikin jadawalinmu ko kaɗan. Ranar suna ko biki takan ƙulla iri a gefen zane ta ba 'ya'yanta, su kuma su miƙa wa mazansu.

Na dawo na gyara aikina. Ba duka guraben ne nata ba, wasu a kasuwar Sinnar suke saya, na ware su daban. Ɗigon ya ɗan ragu, amma har yanzu ya ninka na Alhaji, wanda zare biyu kacal suka fita daga gare shi. Ustaz ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Tamam. Rubuta sunanta.” Daɗin da na ji ranar ba ya misaltuwa.

Da muka kai mata irin, na tafi da hoton a takarda. Ta kawo shi kusa da ido ta ce, “To, ni ce wagga ƙatuwa? Ya bitti, ɗiyata, ki rage mini ƙiba mana!” Daminar da ta biyo baya, ba gidan da bai shuka sabuwar dawar ba.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, abin da na koya shi ne: manhaja tana zana abin da aka ba ta ne kawai. In kun ga gurbi fanko, kada ku goge, kada ku cike da ka, ku tashi ku je ku tambaya, domin sau da yawa mutanenmu girmamawa ce ke sa su yin shiru. Hoton yana nan manne a bangon ɗakin Inna. In baƙo ya tambayi Malam Usman inda ya sami irinsa, har yau bai faɗin suna. Sai dai ya kai shi ƙofar ɗakin, ya sunkuyar da kai, ya ɗora yatsa a kan ƙaton ɗigon.