Sunan da Aka Amsa a Zango

Kakata Hajjo ba ta iya tatsuniya mai daɗi ba. Yaran maƙwabta a garinmu Djougou suna tashi daga hira da dariyar Gizo a baki, mu kuwa sai an raka mu makewayi. Da an idar da sallar magariba takan jawo 'yar kujerarta kusa da murhu, inda garwashin tuwo bai gama mutuwa ba, ta kwance huhun goro ta shiga bita. Jikar fatake ce, kakanninta da goro suka zo garin suka zauna, shi ya sa har ta rasu ba ta ce masa Djougou ba, Zugu take cewa. Tana juya kowane goro a hasken wuta, wanda ƙwaro ya huda ta jefa a kasko, mu kuma muna kewaye da ita muna jiran ta buɗe baki.

"Ku matso, 'yan banza," haka take farawa. "Ga ta nan tafe, wanda ya san zai yi fitsarin kwance ya tashi tun yanzu."

Ba mai tashi. Ni ce ma nake fi kowa matsowa, ni ce kuma nake fi kowa tsoro.

Akwai labari ɗaya da ba ta yi mana shi ya fi sau uku ba, amma shi ya zauna mini. Wai wani ayari ne ya taso daga Gwanja da goro, mutum fiye da ɗari biyu, ga jakuna ba iyaka. Al'adar fatake a lokacin, in ji ta, duk yamma idan aka sauka a zango madugu zai hau kan kaya ya kira sunan kowa. Ka amsa, a miƙo maka dunƙulen fura da ƙoƙon ruwa. Idan aka kira suna aka ji shiru, to ba mai sa komai a baki sai an koma baya da jaki an nemo mai sunan, ko da ransa ko gawarsa.

A cikin ayarin akwai wani Ɗan Audu da zazzaɓi ya kama a hanya. Da rana tsaka ya ce wa abokin tafiyarsa Tanko bari ya ɗan kishingiɗa a gindin ɗorawa, in bai iso ba a dawo masa. Tanko ya ce to. Da yamma ta yi, ga hayaƙi, ga kukan jakuna, ba mai ganin fuskar wani sosai, madugu ya kira: "Ɗan Audu!" Sai Tanko ya sunkuya bayan jaki ya maƙe murya ya ce, "Na'am." Aka miƙo furar, ya haɗa da tasa ya shanye.

Mutum ɗaya ne ya gani, wani Jibo. Amma Tanko ne ya shigo da shi fatauci, garinsu ɗaya, ga shi ƙato mai layu har gwiwar hannu. Jibo ya ce a ransa, ai fura ce kawai, gobe Ɗan Audu zai iso. Gobe ta yi, aka kira, Tanko ya amsa. Jibi ma haka.

A nan Kaka takan dakata ta tura itace cikin wuta, ta bar mu muna jin bugun ƙirjinmu.

"Rana ta huɗu," sai ta rage murya, "madugu ya ce, Ɗan Audu! Tanko ya ce na'am. Bai rufe baki ba, sai can daga hanyar da suka baro, cikin ciyawa, wata siririyar murya ta ce... na'am."

Wayyo! Ƙanena Lawali ya taɓa faɗawa cikin kaskon goro a daidai wurin nan.

Aka koma baya tafiyar kwana uku, aka tarar da Ɗan Audu. Ya ja jiki daga gindin ɗorawa har bakin hanya, ya kwanta yana fuskantar inda ayari ya nufa. Gawar ko sanyi ba ta gama yi ba. Aka kori Tanko daga ayari, ba a sake jin labarinsa ba. Shi kuwa Jibo ba wanda ya san ya gani. Ya iso Zugu lafiya, ya yi arziki, ya yi 'ya'ya. Sai dai duk magariba, har ya tsufa ya mutu, sai ya ji "na'am" a bayan kunnensa.

Na tuna na ce, "Kaka, ai Jibo bai sha furar ba."

Ta dube ni ta ce, "Ke mai bakin tsiya, wa ya ce miki fura ce ta kashe Ɗan Audu? Amsawar ce. Da an ji shiru da an koma."

Daga nan ta kan kira sunayenmu ɗaya bayan ɗaya kafin mu shiga ɗaki, kowa ya amsa da bakinsa. Wata rana Lawali ya yi barci a tabarma, na amsa masa don a sallame mu da wuri. Ranar na sha muciya a baya. "Ba a amsa wa wani a gidan nan," ta ce, kuma ba da wasa take ba.

Na girma, na yi karatu, na samu aiki a Parakou a wani biro, wato ofis, da ke kula da tallafin gajiyayyu. Aikina shigar da takardu a na'ura. Tsofaffin da ba su da kowa ana ba su tallafi duk wata uku, su dangwala yatsa. Waɗanda ba sa iya zuwa gari, akwai ma'aikacin da ke bin ƙauyuka a babur yana kai musu. Idan kuwa aka nemi tsoho ba a samu dangwalensa ba, dokar biron ita ce a tura ma'aikaciyar jinya ta je ta duba ko lafiya.

Mai bin ƙauyukan shi ne Yaya Sidiku. Ɗan unguwarmu ne a Djougou, shi ya kai takarduna har aka ɗauke ni, shi ya samo mini ɗaki a unguwar Ladjifarani. Ƙanwata yake ce mini. Duk sallah sai ya je ya gaida mahaifiyata.

Akwai wata tsohuwa, Inna Bake, daga wani ƙauye a bayan gari. Ranar da aka fara rubuta ta ni na riƙe mata hannu. Ba ta da babban yatsa a dama, tun tana budurwa ya gutsure, na hagun kuma ya lanƙwashe, sai da manuniya muka dangwala, wani ɗan siririn tabo karkatacce. Ta riƙa yi mini dariya tana cewa hannuna sanyi kamar na kwaɗo. Ba zan manta ta ba.

Wata rana ina shigar da takardun da Yaya Sidiku ya kawo, sai na ga sunanta. A gabansa babban yatsa ne, faffaɗa, ƙato, ya zauna daram. Na sake dubawa. Na jawo na watannin baya, shi ne dai. Sau uku ke nan, wata tara. Na duba wasu sunaye na ga yatsun suna kama da juna, amma waɗannan ba zan rantse ba. Nata kam zan rantse.

Na rufe takardar na zauna. A lokacin Yaya Sidiku ya leƙo ta taga da ƙullin ƙosai ya ce, "Ƙanwata, lafiya? Kin yi wani iri."

Na ce, "Lafiya lau, Yaya, kaina ne ke ciwo."

Ya daɗe yana kallon takardar da ke ƙarƙashin hannuna. Sannan ya yi murmushi ya ce, "Ki riƙa hutawa. Aikin nan ba a zurfafa masa ido."

Wallahi na ji tsoro. Sati biyu ina zuwa aiki ina dawowa kamar wadda aka yi wa duka. Mutumin nan yana shan shayi da manya, ni kuwa ko takardar zama daram ba a ba ni ba, da alƙalami ɗaya za a kore ni. Ana ma raɗe-raɗin yana da malamai. Na yi tunanin mahaifiyata, yadda za ta shiga gidan suna a Djougou a riƙa nuna ta, ga uwar wadda ta tona asirin wanda ya yi mata hanya. Na kira ta na ɗan ɓullo da zancen a kaikaice, ta ce, "Ke dai ki kama bakinki, ba ke kika ci ba." Na kuma riƙa gaya wa kaina wataƙila Inna Bake tana da jika da ya dangwala mata, wataƙila ta rasu ne, wataƙila, wataƙila. Har na fara yarda.

Magariba ce ta hana ni sakat. Da an kira salla ina alwala a tsakar gida, sai in ji kamar an tsaya a bayana. Ba na jin murya, kada in yi ƙarya. Amma sai in kasa juyawa. Ni da digirina, ina tsoron bayan kunnena.

Ran Asabar na hau zem, babur ɗin haya, na ce ya kai ni ƙauyen. Duk hanya ina waiwaye ko zan ga babur ɗin Yaya Sidiku. Wata mata mai surfe ta nuna mini ɗakin, can gefe, da tsumma a ƙofa. Ta ce tun kafin damina tsohuwar ba ta fita, ƙafarta ce ta kumbura ta fashe, su ne ke miƙa mata kunu idan an samu. Mai babur ɗin kawo tallafi kuwa, in ji ta, rabon da su gan shi har sun manta kamarsa.

Na tsaya a bakin ƙofar, wani wari yana bugo ni. Na ce, "Inna Bake!" Shiru. Na sake kira. Shiru. Na riga na fara kuka, na kira na uku. Sai daga cikin duhun ɗakin, ƙasa-ƙasa, aka amsa.

Da na shiga na kama hannunta, ta shafa nawa da 'yan yatsunta huɗu ta ce, "Mai hannun kwaɗo ce? Na ce musu za a zo."

Ran Litinin na ɗauki takardun uku da ta farkon mai ɗan siririn tabo, na ƙwanƙwasa ƙofar shugabarmu. Na shimfiɗa mata su na gaya mata komai. Washegari aka tura mota aka kawo tsohuwar asibiti. Likita ya ce ƙafar ba za ta tsira ba, amma ita za ta tashi.

Har yau maganar tana hannun masu bincike, ban san inda za ta ƙare ba. Yaya Sidiku ba ya amsa gaisuwata. Rabin biro sun daina cin abinci da ni, mahaifiyata ta yi wata guda ba ta ɗaga wayata ba, kuma duk babur ɗin da ya rage gudu a ƙofar gidana sai in leƙa ta taga. Ba zan ce na zama jaruma ba, tsoro biyu ne suka haɗu mini, na Kaka ya fi ƙarfi.

Ina yarinya na ɗauka muryar cikin ciyawa ce abin tsoro a labarin. Yanzu kwana ukun nan ne ke hana ni barci, da mutum ke kwance a bakin hanya yana jira, ana can ana amsa masa. Inna Bake wata tara ta yi. Sati biyu daga ciki nawa ne, kuma duk lokacin da na je gaishe ta na ga zanenta a kwance inda ƙafa ya kamata ta kasance, sai in tambayi kaina ko a cikin sati biyun nan ne ƙafar ta tafi.