Take Ɗaya, Manoma Biyu

Ƙanena ya dawo Gozaki bayan mun daɗe da yi masa sadakar arba'in. Shekara goma sha wani abu ke nan da mahara daga arewa suka auka wa manoma a bayan ganuwa, suka kwashi na kwasa, har da shi. Muka yi kuka muka gaji. Matarsa ta yi takaba ta sake aure, gonarsa ta fadama aka raba ta. Sai ga shi wata rana da hantsi ya biyo ayarin Buzaye masu kawo gishiri, ya tsaya a ƙofar gida yana sallama kamar baƙo. Ashe can cikin rairayi aka sayar da shi, ya yi ta ja wa raƙuma ruwa, da ubangidansa ya zo mutuwa ya 'yanta shi.

Ni ce babbar yayarsa. A lokacin mijina ya rasu, na dawo gida ni da ɗana saurayi, ina kula da Innarmu wadda ciwon ƙafa ya zaunar. Ranar da ya dawo Inna ta riƙe kansa tana shafawa, ta ƙi sakinsa har tuwo ya huce. Amma murnar ba ta yi nisa ba. Mutumin da na sani da surutu kamar an kunce bakin buhu, yanzu sai ka yi masa magana uku ya amsa ɗaya. Ya naɗa rawani irin na Buzaye ya rufe baki, ya zauna a gindin rumbu yana kallon kaji. In ya zaga gari ya ga gonarsa a hannun wani, ya ga matarsa da goyon wani, sai ya dawo ya ƙara yin shiru.

Wata safiya ina tankaɗe ya ce, "Yaya, in Buzayen nan sun gama aunar hatsinsu zan bi su."

Na ce, "Ka bi su ina?"

"Can na saba. Nan kowa ya riga ya gyara zamansa, ba inda zan tsuguna."

Ni kuwa ba a san ni da haƙuri ba. Na yar da rariya na hau shi da faɗa, na ce wato uwarka ta yi maka kukan mutuwa sau ɗaya bai ishe ka ba, sai ta yi na biyu? Abin da na manta shi ne zana kaɗai ke tsakaninmu da ɗakin Inna, ta ji komai. Tun daga ranar, kullum na kai mata kunu tambayarta ɗaya ce: "Buzayen sun fara ɗaura kaya?" Na san in ya tafi ba za ta ga wata damina ba, kuma ba wanda zai gaya mini akasin haka.

To, a garinmu in an gama kaka akwai zaman da ake yi kowace Juma'a bayan an sauko masallaci, a ƙofar gidan Sarkin Makaɗa, ƙarƙashin tsamiya. Zaman ganga muke ce masa. Makaɗan noma ne ke haɗuwa, na gari da na Ƙarfi, wani lokaci har daga wajen Matazu. A nan ake sake wa ganguna fata, a nan ake ɗinka sababbin waƙoƙin da za a fita da su gayya da damina, a koya wa 'yan amshi har su zauna musu a baki. Mutanen gari kuwa su zo su kewaye su, mai fura da furarta, mai gyaɗa da gyaɗarta, wanda ya iya amshi ya taya, wanda bai iya ba ma ya taya a ɓata masa rai. Malamanmu ba su cika son kiɗa ba, amma gangar noma sun kau da kai daga kanta, don su ma tuwo suke ci. Ni aikina a wurin guɗa ne. Tun ina budurwa Allah ya ba ni maƙogwaro, in na rangaɗa ta har bakin ƙofar gari ana ji, kuma ba alfahari nake ba.

A wannan zaman ne kuma ake ba saurayi take in ya isa noma. Kowane manomin kirki yana da nasa, wani ɗan salon kiɗa da ganga ke kiransa da shi, ba a kiran kowa da shi sai shi. Wanda bai taso cikinmu ba ba zai gane ba. Take ba ya shawara da mai shi. Ko tuwo yake ci, in ya ji nasa, hannu zai tsame ya miƙe ya yi kirari, sai daga baya ya tuna bai wanke hannu ba.

Ƙanena yana da nasa tun kafin a kama shi, kuma mai daɗi ne, ganga na cewa rana ta gaji, mai galma bai gaji ba. Da aka fid da rai da shi, aka daina kaɗawa. Inna ce ta kasa jurewa. Da ɗana ya isa noma ta aika wa Sarkin Makaɗa da roƙo, ta ce a ba jikanta taken kawunsa, ko daga ɗaki ta riƙa jin sa in iska ta kawo. Aka ba shi. Damina da yawa yaron nan yana noma a kansa, har samarin gari ba su san yana da wani mai shi na fari ba. Ƙanena bai san da wannan ba, kuma duk gidan ba wanda ya yi ƙarfin halin gaya masa.

Ni na je wurin Sarkin Makaɗa, tsoho ne tukuf amma hannunsa na nan daram. Na ce, "Baba, bakinmu ya kasa, ko fata za ta iya?" Ya gane nufina. Ya ce in kawo shi ranar Juma'a, zai kira shi da takensa a gaban jama'a, don ya san har yanzu gari na sane da shi. Na dawo na ja ɗana bayan ɗaki na kama kunnensa. Na ce ranar Juma'a za a kaɗa taken nan, ba kai ake kira ba, ka zauna a kan gindinka kamar an dasa ka. Ya ce, "Haba, sai ka ce yaro? Ko motsi ba zan yi ba." Har rantsuwa ya yi mini.

Fito da ƙanena daga gida ma aiki ne. Sai da na ce masa Inna ta yi wa tsohon alkawarin fatar akuya, ni kuma ga ƙwaryar fura a kaina, hannu nawa gare ni? Ya ɗauki fatar ya biyo ni yana jan ƙafa. A hanya muka wuce zangon Buzaye, na ga sun baje igiyoyi suna ɗinkin buhunan gero. Na ƙara sauri.

Mun tarar an yi nisa da koyon wata sabuwar waƙa ta yabon dawa. Tsohon ya ba da baiti, 'yan amshi su karɓa, sai wani dogo daga Ƙarfi ya riƙa shigowa kafin kowa. A tsaya, a sake, ya kuma. A karo na ban san nawa ba tsohon ya ƙwanƙwashe shi da gular kiɗa a ka ya ce, "Kai, gidanku ma haka kake riga kowa sa hannu a akushi?" Wuri ya kece da dariya. Wasu a gefe sun jiƙa fata suna ja a bakin ganga, ɗaya ya taka da ƙafa, ɗaya na ɗaure tsarkiya yana ciccije leɓe. Ƙanena ya ajiye tasa fatar a gabansu, ya koma can baya inda ake ɗaure jakuna ya tsuguna. Na lura dai babban yatsan ƙafarsa na bin ganga a cikin ƙasa, sai na ji ɗan sanyi a raina.

Da rana ta yi sanyi aka shiga kiran manoma. A kaɗa taken wannan ya miƙe ya yi kirari in rangaɗa masa guɗa, a kaɗa na wancan. Can tsohon ya gyara rataya, ya dubi inda jakuna suke, ya saki taken ƙanena a hankali, yadda ake kaɗa shi a da.

Wallahi ko bugu uku ba a yi ba sai ga ɗana a tsakiyar fili. Tsalle ɗaya ya yi daga cikin abokansa, hannu a sama, baki a buɗe, ya fara kirari da iyakar muryarsa. Samari suka ɗauki ihu suna kiran gwaninsu. Sai da ya kai rabi idonsa ya faɗa a kaina, ya tsaya cak da sauran maganar a baki. Ganga ma ta tsaya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mun kawo mutum don a nuna masa yana da sauran abu a garin nan, sai ga shi an nuna masa a bainar jama'a cewa har takensa an gada. A zuciyata na ce shi ke nan, ko Buzayen ma ba zai jira ba.

Ƙanena ya miƙe. Na ɗauka hanyar zango zai kama, har na ajiye ludayi zan sha gabansa. Sai na ga ya ratso mutane ya shigo fili, ya tsaya gaban tsohon.

"Baba, wa ya ce a ba shi?"

Tsohon ya ce, "Innarka. Ta ce ba za ta iya zama ba ta ji shi ba."

Ƙanena ya juya wajen ɗana, wanda ke tsaye kamar an kama ɓarawon kaza.

"Kawu, ka yi haƙuri, wallahi ban san na tashi ba."

Ƙanena ya kamo hannunsa ya juya tafin, ya dudduba kanta, ya matsa damtsen. Ya ce, "Da wannan hannun kake amsa shi?" Wani daga cikin samari ya ce ai duk gayyar da aka yi bara shi ya riga kowa fita. Ƙanena ya ce, "Bara ba na nan."

Sai ya sa hannu ya sauke rawanin daga bakinsa. Tun da ya dawo ban ga haƙoransa a waje ba sai ranar. Ya ce, "Baba, sake." Tsohon ya sake, wannan karon da ƙarfi, sauran ganguna suka shigo. Muryar da ta fito daga bakin ƙanena a shaƙe take, Hausar ma ta ɗan karkace irin ta Buzaye, amma bai ɓata ko kalma ɗaya ta kirarinsa ba. Tsofaffin da suka yi noma tare da shi suka miƙe, wani na dariya yana share ido da hannun riga. Ni da aka sani da guɗa, na buɗe baki sai kuka ya riga ta fita.

Da ya gama ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya nuna ɗana ya ce, "Gona an raba, na ji, ban ce komai ba. Wannan kam ba a raba shi. Gayyar farko in ruwa ya sauka, ni da kai a gona ɗaya, kuyya kusa da kuyya. Wanda ya riga fita taken nasa ne, ɗayan ya zo nan Baba ya ɗinka masa sabo." Ɗana, ɗan banza, kunyar ta riga ta sake shi, ya ce, "Kawu, ka dai fara zaɓen sabon tun yanzu." Aka sake kecewa da dariya, ƙanena ya kai masa dundu a baya.

Ni ban yi dariya ba, lissafi nake. Buzaye gobe ko jibi za su tashi, ruwa kuwa sai an yi watanni. Da lissafin ya zauna mini sai na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina. A nan ne guɗar ta fito, kuma ban taɓa yin irinta ba, har jakunan suka tsorata. Na bar ƙwaryar furar a wurin, ko waiwayenta ban yi ba, na kama hanyar gida zani a hannu.

Na tarar da Inna ta jawo jiki har bakin ƙofar ɗaki, abin da ta yi wata da watanni ba ta yi ba. Ta ce, "Na ji an kaɗa sau biyu. Wa ya amsa?"

Na ce, "Duka biyun, Inna."

Na zauna ina haki na ba ta labari, har na zo inda ya ce in ruwa ya sauka. Ta tare ni.

"Da bakinsa ya ce in ruwa ya sauka?"

"Da bakinsa, a gaban kowa."

Ta rufe ido ta sauke numfashi mai tsawo, leɓunanta na motsi da hamdala. Da ta buɗe sai ta harare ni ta ce, "To me kika zauna yi? Tashi ki sa a buɗe rumbu tun da sauran haske. Ki zaɓo zangarnun dawa manya-manya ki ware masa iri, kafin ku cinye su da tuwo."